Mun Binne Baba Chali Kafin 'Yarsa Ta Iso

Cikin alhini, da kuma kunyar da har yau ba ta bar mu mun ɗaga kai ba, Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Alheri, wadda ta haɗa manoman Minna da na Wushishi, a madadin shugabanta Alhaji Munzali Ndagi, da kwamitin dattawanta, da shugabannin mata, da ɗaukacin 'ya'yanta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma majiɓincinta, tsohon matuƙin jirgin yaƙi na rundunar sojin saman Amurka, Manjo Charles Orrin Tadlock mai ritaya, Garkuwan Manoman Alheri, wanda yaro da babba suka fi sani da Baba Chali. Rai ya yi halinsa ne da hantsin ranar Talatar makon jiya a gidansa da ke Chanchaga, yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, yana da shekara casa'in da biyar a duniya. Ya bar 'ya ɗaya tilo, Madam Hadassah Tadlock, da jikoki biyu a Amurka, ya kuma bar mu.

Saƙo irin wannan yabo ne da addu'a aka san shi da su, to amma namu ba zai tsaya a nan ba, domin mun yi abin da ba za mu iya rufewa da yabo ba. Mun binne marigayin a ranar da ya rasu, alhali 'yarsa ta roƙe mu da bakinta mu jira isowarta. Za mu yi bayanin yadda aka yi, amma wajibi ne mu fara faɗa wa waɗanda ba su san shi ba ko wane ne shi.

An haifi marigayin a shekarar 1929 a wani ƙauye na Jihar Oklahoma, ɗa ga manomin alkama wanda fari ya riƙa cinye masa gona shekara bayan shekara, har ya tattara iyalinsa ya koma gari neman aikin lebura. Ya shiga sojan sama yana saurayi, kuma a lokacin yaƙin Koriya aka tura shi can, aka damƙa masa jirgi samfurin Sabre mai cin mutum ɗaya, aikinsa shi ne ya tari jiragen abokan gaba a sararin samaniya kusa da kogin Yalu. A wajen sojojin samansu, duk matuƙin da ya kakkaɓo jirage biyar ya shiga sahun gwanayen da ake buga hotonsu a jarida. Shi shida ya kakkaɓo, aka rataya masa lambobin girma, ya dawo gida da tabo a girarsa ta hagu, inda gilashin jirginsa ya fashe ya yanke shi.

Gaskiya ita ce mu muka fi shi son wannan labari. Duk taron ƙarshen shekara sai sanƙiranmu ya ɗaga murya yana kiransa Shaho mai shida, jama'a na tafi, shi kuwa sai ya zare na'urar jin da ke kunnensa ya jefa a aljihu, ya zauna yana kallonmu har mu gaji. Labarin da shi yake bayarwa daban ne. Yana da abokin tashi, wani saurayi da jirginsa ke bin bayan nasa yana kare shi, sai jirgin saurayin ya kama wuta ya faɗa tsallaken kogi, inda babu damar zuwa ɗauko gawa. Bayan yaƙi marigayin ya je gidan mahaifiyar yaron yi mata ta'aziyya, ba ta tambaye shi jarumtar ɗanta ba, abu ɗaya ta tambaya, wai ko ya ga fuskarsa a ƙarshe, yaya take. Shi kuwa hayaƙi kawai ya gani. Idan ya kawo nan, yakan ƙara da Hausarsa ta Minna wadda ba ta bambanta mace da namiji: "Shida ɗin nan ma, kowa yana da mama. Mama bai ga fuska ba." Babu dattijo ɗaya a ƙungiyarmu da bai ji wannan magana daga bakinsa ba, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe ta.

Da ya bar soja ya koma feshin gonaki da ƙaramin jirgi, aurensa ya mutu, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya zo Jihar Neja tare da wani kamfani da aka ɗauko domin yaƙi da tsuntsayen jan-baki. Matasanmu na yau ba su san irin ɓarnar da tsuntsayen nan suka yi wa iyayensu ba: shinkafa ta nuna, manomi na shirin yanka, garke ɗaya ya sauko da safe, kafin azahar sai kara. Kwangila ta ƙare, kamfani ya tafi, Baba Chali ya ce shi ba inda za shi. Ya gyara wani tsohon jirgi ruwan ɗorawa da hannunsa, ya share fili a bakin fadamar Wushishi, ya riƙa tashi gab da faɗuwar rana lokacin da tsuntsayen ke komawa makwancinsu, yana bi ƙasa-ƙasa har mata masu dawowa daga gona su yar da kayansu su kwanta. Malam Gimba Wushishi, wanda a yau yake cikin kwamitin dattawanmu, shi ne yake tsaya masa da tuta a ƙasa yana nuna masa inda zai bi, kuma daga nan suka zama aminai har mutuwa ta raba.

Da idonsa ya yi rauni ya daina tashi, sai ya koma koya wa samarinmu yadda ake feshi ba tare da mutum ya sha guba ba, kuma duk wanda ya kama yana feshi babu takunkumi, da sanda yake bin sa, ko da mai furfura ne. Kirista ne mai zuwa majami'a duk Lahadi, amma ba mu taɓa ganin ya sha ruwa a gabanmu da azumi ba, kuma babu jana'izar ɗan ƙungiya da ba a gan shi tsaye can baya ba, hularsa a hannu. Wannan ne ya sa muka ɗauke shi namu, har muka manta cewa akwai wadda ta fi mu iko da shi.

Ga abin da ya faru ranar Talata. Bayan likita ya tabbatar da rasuwar, Malam Gimba ya kira Madam Hadassah a waya, ta roƙa a kai mahaifinta ɗakin ajiye gawa, ta ce ga ta nan tafe. Rabonta da shi ido da ido tun ranar aurenta, sama da shekara talatin, kuma a 'yan shekarun nan ne suka shirya ta waya, ita ma wayar ƙarama ce mai tocila wadda ba ta nuna hoto, don ya ƙi yarda a canza masa. Sun yi alkawarin za ta zo masa Kirsimetin bana. Duk mun san haka lokacin da dattawa suka zauna a ƙofar gidan kafin azahar. Aka ce sanya Baba a firji kamar kifi wulaƙanci ne da ba za mu zuba ido a yi masa ba. Aka ce mu ba ma barin babban mutum ya kwana a waje, kuma ɗan da ke nesa ba a jiransa, zaman makoki yake zuwa ya tarar. Aka kuma tuna cewa marigayin ya sha faɗa yana so ya kwanta a gefen tsohon filin jirginsa. Rabaran Irimiya, limamin majami'arsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye yana cewa, "Don Allah ku bari yarinyan nan ya zo ya ga babansa tukuna." Muka ba shi haƙuri, muka janye shi gefe cikin ladabi. Malam Gimba ya yi wa amininsa wanka, aka suturta shi da farin yadi, muka ɗauke shi zuwa Wushishi, kafin magariba mun rufe. Rabaran ya biyo mu a kan babur ya yi masa addu'ar addininsa a bakin kabari. Muka dawo Minna muna yaba wa juna, muna cewa ko ɗan gari iyakar gatan da zai samu ke nan.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne babu wanda ya kira ta ya faɗa mata, kowa ya bar wa wani. Ranar Juma'a ta iso daga Abuja kai tsaye, ɗauke da baƙar kwat da ta saya masa da tutar ƙasarsu a naɗe, ta tarar da rumfuna da kujeru da jama'a ana cin shinkafa a ƙofar gidan mahaifinta. Ta gaisa da kowa, sannan ta tambayi wane asibiti aka ajiye shi. Marubucin wannan saƙo yana wurin, kuma ya so a ce ƙasa ta tsage ya shige. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, da ma ta yi da mun ji sauƙi. Ta ce kawai a kai ta. A bakin kabari ta daɗe a durƙushe, daga nan ta juyo ta yi tambaya, Rabaran yana fassara mana: wane ne ya ga fuskarsa a ƙarshe, kuma yaya take? Ita ce tambayar tsohuwar nan, mahaifiyar abokin tashinsa, wadda ta hana marigayin sakat shekara saba'in, mu kuma muka ɗauko ta da hannunmu muka sa a bakin 'yarsa. Dattawanmu duka suka sunkuyar da kai, Malam Gimba ya buɗe baki kuka ya ci ƙarfinsa, aka watse ba ta samu amsa ba.

Ƙungiya ba ta neman mafaka a bayan al'ada. Gaggauta binne mamaci girmamawa ce a wajenmu, kuma da ƙauna muka yi, amma an roƙe mu muka ƙi ji, mun hana 'ya ganin mahaifinta, mun kuma hana tsohon soja karramawar da ƙasarsa take yi wa irinsa. Muna neman gafarar Madam Hadassah Tadlock da 'ya'yanta, muna neman gafarar Rabaran Irimiya da jama'ar majami'arsa, muna kuma neman gafarar tsofaffin sojojin da suka yi aiki da shi, in akwai sauran masu rai.

Madam Hadassah ta sanar da mu cewa tana tunanin neman izinin tono gawar, ta tafi da ita maƙabartar sojoji a Amurka, kuma za ta yanke shawara kafin ta koma. Ba za mu ɓoye ba, hakan zai yi mana ciwo ƙwarai, domin a bakin fadamar nan muke so jikokinmu su riƙa ganin kabarinsa. Duk da haka, shugaban ƙungiya ya ba da umarni cewa kada wani ɗan ƙungiya, komai girmansa, ya haɗa tawagar dattawa zuwa masaukinta da sunan ban haƙuri, domin mun san irin ban haƙurinmu, ba ya barin mutum ya ce a'a. Mun yanke mata hukunci sau ɗaya, ya isa. Idan ta ce a tono, ba za a ɗauko lebura ba, hannuwan da suka haƙa su za su buɗe, kuma mu za mu raka shi har bakin jirgi.

Muna roƙon Allah Ya saka wa marigayin gwargwadon alherin da ya yi wa bayinSa, Ya ba Madam Hadassah da jikokinsa da dukkan dangi haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi da abin da muka ƙara musu a kansa, mu kuma Ya koya mana sauraren mai haƙƙi.

Ranki ya daɗe, Madam Hadassah, saura amsar tambayarki. Washegarin ranar da kika je kabarin, Malam Gimba ya zo ofishinmu da ke Maitumbi ya faɗe ta, ya ce a rubuta miki yadda ya faɗa, tunda bakinsa ya kasa a gabanki. Ya ce mahaifinki ya yi aski da safiyar ranar, har ya ɗan yanke haɓarsa. Tabon girarsa yana nan. Idanunsa a rufe aka same su, ba wanda ya rufe masa, kuma fuskarsa a sake take, irin yadda yake yi idan yana shirin tsokanar wani. Wayarsa tana kan cinyarsa. Na'urar jin nan da yake cirewa idan mun fara yabonsa tana cikin kunnensa, tana aiki, domin Talata ce, ranar da kike kiransa.

Sa hannu:
Ubaidullahi Ɗayyabu Maitumbi
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Alheri, Minna da Wushishi