Gudumar Baba

Daren Laraba, unguwar Sabo

Na buɗe littafi, ko layi ɗaya ya ƙi shiga kaina. Wannan bakin nawa ne dai ya jawo mini.

Bayarbiyar nan ta unguwar Mokola ta zo karɓar tirenta na fata wanda za ta riƙa ajiye makullai a ciki. Ni na goge bakinsa da kakin zuma har yana ƙyalli, Baba, mai koya mini dukanci, ya buga ƙusoshin kusurwa. Tana ɗagawa sai ga ƙusa ɗaya a karkace. Raina ya ɓaci, na juya harshe zuwa Yarbanci: "Mama, yi haƙuri, tsohon nan ba ya gani, kuma ya ƙi sakin aikin."

Ban taɓa jin Baba ya yi Yarbanci ba. Na manta a garin nan na Yarbawa ya yi furfura.

Sai ya amsa mata da Yarbanci tsaf: "Gaskiya ya faɗa. Ki dawo gobe, shi zai gyara."

Ya miƙo mini gudumarsa, wadda ko taɓawa ba ya bari in yi. Na ce, "Baba, wallahi ba haka nake nufi ba." Ya ce, "Riƙe mana."

Da asuba zan mayar masa. Idan ya ƙi karɓa fa?