Rasuwar Hajiya Mai Jar Laima, Uwargidan Limamin Bataliya

Cikin alhini mai nauyi, wanda duk da nauyinsa bai rufe mana bakin godiya ba, Ƙungiyar Matan Sojoji ta Barikin Bataliya, a madadin Shugabarta, uwargidan Mai Girma Kwamanda, da 'yan majalisarta, da ɗaukacin matan hafsoshi da na ƙananan sojoji tun daga layin farko har layin bakin famfo, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma mai ba ƙungiya shawara, Hajiya Mai Jar Laima, uwargidan Mai Girma Manjo, Babban Limamin Bataliya, wanda yara da manya ke kira Baba Liman. Allah ya karɓi abinsa a asibitin bariki bayan gajeruwar rashin lafiya, mijinta yana yi mata addu'a a gefen gado, 'ya'yanta suna riƙe da hannunta. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Waɗanda ba su taɓa zaman bariki ba sai an yi musu bayani kafin su san girman abin da muka rasa. A ƙa'idar aiki, idan soja ya kwanta dama a fagen daga, liman ne ke sanya kakinsa, ya bi layi a ƙafa, ya tsaya a ƙofar matar mamacin ya sanar da ita. Saboda haka babu abin da ke kaɗa hantar matar soja kamar ta ɗaga labule ta hango liman ya shigo layi. Lokacin da aka kawo marigayiya tana amarya, ta tarar da miji wanda kowa ke bin sallarsa amma babu mai marmarin jin sallamarsa a ƙofa. Mata na ganinsa su ja yara ciki, gidansa kuwa ko aron gishiri ba a zuwa, kuma shi mutum ne mai son jama'a, abin yana cin sa a rai bai gaya wa kowa ba.

Tsofaffin cikinmu ba za su manta da ranar ƙwai ba. Baba Liman ya ji a ofis cewa an ƙara wa wani kofur igiya ya zama saje, sai murna ta ɗebe shi, ya miƙe da kakinsa ya nufi gidan don ya riga kowa yin albishir. Matar kofur tana fitowa ke nan da faranti cike da ƙwan da take sayarwa, ta ga liman tsaye a ƙofarta, ta saki farantin ta zube a kai. Kafin a ce kwabo layi ya ɗauki kuka, an shimfiɗa tabarmi, an ɗora ruwan zafi, Baba Liman yana tsakiya yana ta cewa alheri ne, alheri ne, mata na amsa masa da cewa ai kowa can zai je. Ana cikin haka sai ga mamacin ya dawo daga aiki yana fito, sabuwar igiya a hannun riga, ya tarar da zaman makoki a ƙofarsa, ya cire hula cikin ladabi ya tambayi wanda ya rasu. Mutumin nan yau shi ne Samanjan Bataliya, ga shi nan da ransa da ƙaton tumbinsa, matarsa kuwa sunan Gwaggo Mai Ƙwai ya bi ta har jikoki.

A ranar Baba Liman ya koma gida jiki a sanyaye, ya ce shi da shiga layi sai dai in aiki ya tilasta. Marigayiya ta ce ba ta yarda ba, Allah bai halicci bawansa don baƙin labari kaɗai ba, kuma ita ba za ta tarbiyyantar da 'ya'ya a gidan da ake tsoron inuwarsa ba. Washegari ta shiga kasuwa ta sayo laima ja, mafi girma da ta samu, irin wadda mai kayan tireda ke kafawa, ta bi gida-gida tana faɗa wa mata ƙa'idarta: duk ranar da suka hango jar laima a gaban liman, to alheri ne ya kawo shi, su kwantar da hankali su fito da kujera. Daga nan aka saba ganinta tana tafe a gaba, da rana ko da hadari, gajeriyar mace ƙarƙashin ƙatuwar laima, Mai Girma Manjo yana biye da ita a baya kamar ɗan makaranta. Haihuwa, ƙarin girma, dawowar miji daga fagen daga, yaro ya ci jarrabawa, sulhun ma'aurata, duk da laima ake zuwa. Har ya zama yara na hango ja a bakin layi su ruga da gudu, kowa yana roƙon a tsaya a ƙofarsu.

Ƙungiya na shaida a gaban Allah da gaban jama'a cewa ko sau ɗaya marigayiya ba ta taɓa buɗe laimar nan a kan ƙarya ba. An taɓa yin wani babban hafsa da ya roƙe ta ta rako liman da laima zuwa gidan wata mai tsohon ciki da mijinta ya rasu, wai don a shiga da sauƙi. Ta ce masa, ranka ya daɗe, in na yi haka yau, gobe duk matar da ta ga ja sai ta faɗi. A irin waɗannan ranaku laima na jingine a bayan ƙofa, Baba Liman ya tafi shi kaɗai kamar yadda aiki ya ce, ita kuma ta biyo ta ƙofar baya da zaninta na aiki, ta yi wa yara wanka, ta wanke kwanuka, ta zauna kusa da matar ba tare da dogon wa'azi ba. Da yawa daga cikinmu a kafaɗarta muka koyi cewa haƙuri ba ya hana hawaye.

A gida kuwa, 'ya'yanta sun ba mu izinin faɗa, Manjo sunan waje ne kawai. Takan ce ita guga biyu take yi wa mutum ɗaya, na farar riga da na kaki, kuma har yau ba a ba ta ko igiya ɗaya ba. Idan wa'azi ya yi tsawo, tari guda za a ji daga sahun mata, sai ka ji Baba Liman ya ce to a taƙaice, sojoji na sunkuyar da kai suna danne dariya. Duk barikin da aka kai su, labulenta bai taɓa yin daidai da taga ba, ko ya yi tsawo ko ya gaza, takan ce duniya ma haka take, ba a yanka ta daidai da kowa ba. In an tura shi fagen daga tare da dakaru, ita ma matar soja ce kamar kowa, gabanta na faɗuwa kamar na kowa, sai dai ta tara mu a tsakar gidanta bayan la'asar a yi addu'a, a tashi da hira da shewa. Gidan da a da ba a zuwa aron gishiri ya zama sai ta ɓoye gishirinta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mai Girma Babban Limamin Bataliya, da 'ya'yan marigayiya da jikokinta, da 'yan'uwa da surukai, da Mai Girma Kwamanda da dukan dakarunsa, muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sanya ta a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa, ya ba iyalanta ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi.

Sai dai akwai magana guda da ƙungiya ta ga ya dace ta amsa a bainar jama'a. Labari ya iske mu ta bakin babbar 'yar Baba Liman cewa ya maimaita maganarsa ta ranar ƙwai, ya ce tunda mai laima ta tafi, zai zauna tsakanin gida da masallaci, kada ya tsorata matan mutane. Ranka ya daɗe, da dukan girmamawa, wannan umarni ba za mu bi shi ba. Maganar ƙarshe da marigayiya ta yi wa 'yarta a asibiti ita ce ƙarfe ɗaya na laimar ya karye, a kai wa mai gyara, kuma an kai, an gyara, ga ta nan a hannunmu. A daren da uwarmu ta rasu, matar wani farabiti, ƙaramin soja a layin bakin famfo, ta haifi 'ya mace, ta kuma rantse ba wanda zai yi wa jaririyar addu'a sai kai.

Don haka muna sanar da matan bariki cewa gobe bayan la'asar za su hango jar laima ta shigo layi, kada gaban kowa ya faɗi, a fito da kujeru. Gwaggo Mai Ƙwai ce ta ce ba wanda zai ɗauki laimar sai ita, duk da ciwon gwiwa. Baba Liman, za ta tsaya a ƙofarka ta yi sallama, kuma alheri ne ya kawo ta.

Sa hannu:
Uwar 'Yan Biyu, matar Saje Mai Busa,
Kakakin Ƙungiyar Matan Sojoji ta Barikin Bataliya.