Rigar da Ba Na Son Lukumanu Ya Cika

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Abdulsalami ɗan Shitu, mutumin Kurugu, malamin kimiyya a Rogo, mai digiri a ilmin sinadaran jikin ɗan Adam, nake rubuta wannan a shekarar 1994, cikin cikakken hankalina, wanda ko a jami'a ba a yi jayayya a kansa ba. Jiki ne ya ci amanata. Lukumanu da Barira, 'ya'yana, ba ku iya karatu ba tukuna. Bappanku Halliru zai karanta muku, kuma kada ya tsallake wata kalma don ta yi masa nauyi.

Na ɗaya. Za a ce muku sammu aka yi mini. Ba sammu ba ne, ciwon sukari ne ya haɗu da ƙiba. Kowace jijiyar jini tana da wata shimfiɗa siririya mai santsi a cikinta. Sukari da kitse suna cin ta a hankali, yadda damina ke cin katangar ƙasa, kuma idan ta fara lalacewa alamominta sukan bayyana a cikin jini. An ɗebi nawa a wani asibiti a Kano, na karanta sakamakon kafin likita ya buɗe baki. Kwalastarol, wato kitsen jini, ya hau. Fibirinojin, sinadarin da ke daskarar da jini, ya ƙetare haddi. Hujja ce tabbatacciya wadda ba ta karɓar tawili. Ga gyambon ƙafata ya ƙi rufewa, idona na dama yana hazo, an fara yi mini maganar ƙoda da murya ƙasa-ƙasa. Ban kai arba'in ba. Zama ya gagare ni, tsayuwa ma haka, shi ya sa nake sauri.

Na biyu. Shanuna da ke hannun Bappa a Beli da gonar gyaɗa, shari'a ce za ta raba su, ba ni ba. Littattafaina dai kada a bari gara ta riga ku karanta su.

Na uku. Rigimar kakarku, Inna Hajo, da mahaifiyarku Saude a kan kwanon Lukumanu ta ƙare daga yau. Saude tana rage masa man shanu da sukari a fura, Inna tana ƙara masa a ɗakinta, tana cewa ana horar mata da jika da yunwa. Saude ce da gaskiya. Amma kada kowa ya ɗaga wa Inna murya. Na dawo daga bautar ƙasa kamar sillen kara, ta dube ni ta fashe da kuka, ta ce mutane za su ce boko ya tsotse mata ɗa. Da na fara ɗaukar albashi tumbi ya fito, a kasuwar Karaye har tsayar da ni ake yi a ce jiki ya yi kyau. Ƙauna ce ta cika mini kwano. Sai dai jijiya ba ta san ƙauna ba.

Na huɗu. Duk shekara bayan kaka a kai ku Kano a auna jininku, ko da kuna jin garau. Wannan cuta tana bin zuri'a, kuma jini yana faɗin ta tun kafin jiki ya sani. Lukumanu, kumatunka irin nawa ne, kuma su ne suka hana ni sukuni.

Na biyar, kuma mafi girma. Babbar rigata ta shadda, wadda Inna ta sayar da bijimi ta ɗinka mini daidai faɗina. Ta sha faɗa cewa za ta adana ta har Lukumanu ya cika ta. Ban yarda ba. Na ba ku ita kyauta tun ina raye, da sharaɗi guda: a yanka ta, a ɗinka muku 'yan riguna daidai jikinku na yau. Inna, ina roƙonki da girman nonon da na sha, ke za ki fara sa mata almakashi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani da lafiya. Kada ku raba tukunya da kakarku, kada ku yanke zumunci da Bappa, ku riƙe mahaifiyarku da kyau. Idan wani ya dube ku ya ce ba ku kai ubanku jiki ba, ku amsa masa da alhamdulillahi.