Matakin da Baba ya sa wa mota

Auta,

Na wuce makaranta, ban so in tashe ka ba.

Jiya mai walda ya duba a-kori-kurar Baba. Zai ɗaga bodin baya, ya yi fenti, duk na amince. Amma wai zai yanke ɗan matakin nan na ƙofar gaba, yana ɓata wa mota kyau.

Kana ƙarami lokacin. Baba ne ya sa aka yi shi da gwiwar Inna ta fara ciwo, don kada ta daina raka shi unguwa. Allah ya jiƙansu.

In ka kai motar yau, don Allah ka ce wa mai waldan ya bar matakin. Har yanzu in na buɗe ƙofar nan, sai in ji kamar zan miƙa wa Inna hannu.

Yayarka