Kada Ki Daina Aiko Dabinon

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Baba? Auta fa, in ce dai ya daina gudun makaranta?

Ni alhamdu lillahi. Na ɗan kwanta asibiti, amma don Allah kada hankalinki ya tashi, an sallame ni. Ina cikin ɗaga kwalaye a sito ƙafafuna suka mutu, zuciyata ta hau bugawa barkatai. Dogo, abokin ɗakina, shi ya ciccibe ni zuwa mota. Allah ya saka masa.

Likita ta ce 'yan bututun da ke cikin ƙodata ne suka yi rauni. Ba sa fitar da wani sinadari, fotasiyam, sai ya taru a jini, jinin kuma ya yi tsami. In sinadarin ya yi yawa har zuciya yana tsayarwa. Ta tambaye ni abin da nake ci. Na ce tun da na fara jin kasala Dogo yake ɗura mini ayaba da dabinon da kika aiko, wai in yi ƙarfi. Sai ta riƙe baki. Ashe cike suke da sinadarin! Dogo, ƙato da shi, har da hawaye.

Yanzu ina shan magani, an kuma mayar da ni aikin zaune. Na gode Allah.

Roƙona ɗaya, Inna: kada ki daina aiko dabinon. Dogo zai cinye. Ni ƙyallen da kike ƙulle dabinon a ciki nake so, ƙamshin ɗakinki yake yi.

Ɗanki mai neman albarkarki.