Sunan Ukalik

Litinin, 3 ga Afrilu

Shekara hamsin da uku ke nan tun da mutumin gwamnati ya sauka garin nan namu na ƙanƙara, can ƙarshen arewa, ya ce mu ajiye lambar da suka rataya mana a wuya, kowa ya zaɓi sunan gida. A bazarar ne na auri Ukalik. Yau watanta biyar a ƙasa. Har yanzu in zan sha shayi kofi biyu nake saukewa, sai in mayar da ɗaya.

Ban taɓa zama a aji ba, harufan coci ne uwata ta koya mini. Amma duk garin nan babu wanda ban san sunan wane mamaci yake ɗauke da shi ba, har kaka huɗu baya. Da, ni ake tambaya. Yanzu waya suke tambaya.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Jikata Miali ta dawo daga asibitin birnin Ikaluwit da ɗa namiji. Ta shigo da mijinta Tesfay, baƙon nan ɗan Eritiriya mai aiki a kanti. Ta ce, "Kaka, sunan matarka Ukalik za mu sa masa. Bakinka muke jira."

Na yamutsa hanci. Ko baƙo ya san a'a ke nan.

Ta ce, "Kai tsohon nan! Rowa har ta suna? Dafa shi za ka yi ka ci?"

Ban faɗa mata dalili ba. Watan gobe za su koma Ottawa, can kudu, ta yi karatu. In yaron ya ɗauki sunan, Ukalik ce ta dawo, ita ce a jikinsa. Sannan a sa ta a jirgi ina kallo. Na raka ta sau ɗaya. Ba ni da ƙafar rakiya ta biyu.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Iska. Ba wanda ya shigo.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Tesfay ya kawo mini daskararren kifi. Sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar ɗan sanda, shekara shida a garin nan bai daina ba.

Na tambaye shi me sunansa yake nufi. Wai "fatana". Uwarsa ta binne biyu kafin shi. Bayan sunansa sai na ubansa, sai na kakansa, ya jero mini har sha ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Wannan kam ya burge ni, amma ban nuna ba. Ya ce ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Filifin, Luzviminda, sunan yankunan ƙasarsu uku aka gutsuttsura aka ɗinka mata.

Na ce, "Ku sunanku magana ce. Namu mutum ne."

Ya ce, "To Baba, in ka yarda, ɗana ya zama matarka ke nan? Namiji fa ne."

"Suna ba ya leƙa cikin wando. Kai kuma Kaka za ka riƙa ce masa. In ya yi maka fitsari a cinya ka ce na gode."

Ya yi dariya har da tari. Da zai fita ya ce takardar haihuwa tana nan, sun bar gurbin sunan fili. Na yi kamar kunnen nan nawa ne ya toshe.

Talata, 18 ga Afrilu

Gida biyu ne tsakaninmu amma ina jin kukan yaron. Tsofaffin mata suna cewa sunansa yake kira. Ba sai sun gaya mini ba, a bakina suka fara jin wannan maganar.

Miali ta wuce ta gaban tagata da shi a rigar goyo. Ba ta waiwayo ba.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Bayan coci Miali ta ɗora mini shi a hannu, ko tambaya babu. "Riƙe, kafaɗata ta mutu." Yana ta tsala ihu, fuska jawur. Na ce, "Haba, ke kuwa, ya isa haka."

Ke na ce. Baki ne ya suɓuce.

Ya yi shiru, ya ɗaga gira yana kallona, irin kallon nan da Ukalik take yi mini in na shigo da takalmi a jiƙe. Miali ta ji. Ta juya tana gyara rigar goyonta. Da ma ta zage ni, da ya fi sauƙi.

Laraba, 26 ga Afrilu

Ina neman allura a gwangwanin ɗinkin Ukalik na tarar da hoto, an yanko daga kalanda, an ninke har ya yi laushi. Bishiya ce babba, mutane zaune a ƙarƙashi.

Sau uku ta ce in kai ta kudu ta ga bishiya da idonta, don a nan bishiya ba ta tsirowa. Na farko na ce farauta. Na biyu na ce wa zai ciyar da karnuka. Na uku na ce katako ne kawai a tsaye, me za ki gani? Ba ta sake tambaya ba. Na ɗauka mantawa ta yi.

Ban samu allurar ba.

Litinin, 1 ga Mayu

Jirginsu jibi.

Ba wai na sauko ba ne. Wuƙar ɗinkin Ukalik ce take tsatsa a nan, kofin nan na biyu kuma ya ishe ni da tsare wuri. Na naɗe su tare da hoton.

Gobe da safe zan tafi gidan kafin Tesfay ya fita kanti. Ba ƙwanƙwasawa. In karɓe ta daga hannun Miali in ce, "Matata, kin tashi lafiya?" Su cike takardarsu. Shi kuma in ja masa kunne: bishiyar farko da suka tarar, ya tsaya, ya zaunar da Ukalik a ƙarƙashi, kada ya ce mata sauri yake yi.