Na Iya Kafa Madannin, Zira

Zuwa ga abokina kuma tsohon abokin sana'ata, Zira ɗan Michika, a can Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Mama da maiɗakinka da yara. Mu nan Mubi lafiya lau, sai zafi da rashin wuta, waɗanda ka bari kuma ba su je ko'ina ba. Na sa wasiƙar nan a shafina na intanet ne don na san kana leƙawa, ko da ba ka cewa uffan. Sauran masu karantawa su yi haƙuri, yawancinta zancen kwamfuta ne.

Ka tuna shagonmu na bakin kasuwa, inda muke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a memori. Kai ne mai ilimin na'ura, ni kuwa mai baki da jawo ciniki. Abin da ya fi damunmu a lokacin shi ne bairos ɗin nan, cutar kwamfuta mai ɓoye kaya. Mutum zai kawo memori yana rantsuwa cike yake da hotuna, a buɗe a ga wayam. Kai ka gano cewa kayan suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Ka zauna ka rubuta 'yan layuka a wani ƙaramin fayil da ka ce sunansa bach fayil. Da an taɓa shi sai baƙin allo ya ƙifta, kayan mutum su dawo.

Matsalar da ta rage ni ne. Kullum sai na manta inda fayil ɗin yake, in yi ta lalube kwastoma yana tsaye a kaina. Sai ka ce bari ka kafa mini shi a taskba, layin nan na ƙasan allo inda madannan yau da kullum suke zama. Ka ja shi, ya ƙi zama. Ka sake ja, ya ƙi. Ashe kwamfuta ba ta yarda a kafa irin wannan fayil a wurin kai tsaye. Na ce a haƙura, ka ce, "Kwamfuta ba ya son ƙarfi, wayo ne yana so."

Ina tsaye ka yi masa shotkot, wato 'yar gajeriyar hanyar buɗe shi, ka shiga cikinsa ka ƙara cmd /c a farkon adireshin don kwamfutar ta ɗauka cikakkiyar manhaja ce. Ka canja masa hoto zuwa wata koriyar bishiya, sannan ka kafa shi, ya zauna daram. Ranar ka raɗa mini suna Malam Danna, wai iyakar karatuna ke nan. Ban yi musu ba, don ba ƙarya ka yi ba.

Sai abin da ya faru ya faru. Michika ta fara faɗawa hannun 'yan bindigar nan, Babanka ya rasu a can, ko binne shi ba ka samu yi ba. Ba a daɗe ba aka shigo Mubi, kowa ya yi ta kansa. Ni na bi ta duwatsu na faɗa Kamaru, na zagayo Yola. Kai ka kwashi Mama da iyali ka yi Jos. Da na dawo na tarar an fasa shagon, ba kwamfuta, ba janareta, sai benci. Fayil ɗinka ya tsira ne kawai don yana cikin filashin da ke maƙale da makullaina.

Na sayi laftop ta hannu, na kira ka. Na yi maka ta'aziyyar Baba, ka ce ka gode. Na tambaye ka yaushe za ka dawo, ka ce ba ka ji na sosai. Don kada wayar ta mutu a haka, sai na ce maka fayil ɗin nan ya ƙi zama a ƙasan allo. Nan take muryarka ta dawo. Ka yi dariya, ka ce, "Malam Danna, yaƙi ma bai koya maka komai ba?" Ka bi da ni daki-daki har ya zauna.

Tun daga nan haka muka zama. Laftop ɗin tsohuwa ce, memorin jama'a kuma ba ya rasa cuta, don haka jifa-jifa sai an yi mata fomat, a goge komai a sake zubawa. Duk fomat madannin yakan tafi, ni kuma in tura maka saƙo cewa ya tafi, sannan in kira ka. Yayin da muke jiran ta kunnu, kakan tambaye ni ko ruwa ya sauka, ko mai shayin kwanarmu yana nan, ko motocin Michika sun fara lodi kamar dā. Ina jiyo hayaniyar yaranka a bayanka. Da madanni ya zauna sai ka ce to, a gai da gida.

Sauran kiran kuwa ba ka ɗauka. Na kira ka da Kirsimeti, wayar ta yi ta ringin har ta katse. Na kira da aka yi mini haihuwa, sai washegari na ga saƙon "Allah Ya raya." Ban zarge ka ba. Na san in ka ji muryata Mubi kake ji, Mubi kuwa hanyar Michika ce. Na kuma san waɗanda suka yi maka wannan ta'asa irin sunayenmu suke amsawa. Ba ka taɓa faɗa mini haka ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Makon jiya aka sake yi wa laftop ɗin fomat. Kafin in neme ka sai ga wani dattijo Bafulatani daga Mayo Bani da memori a ƙulle a bakin rawaninsa. Hotunan shanunsa ne a ciki, waɗanda aka kore a lokacin gudu, ɗansa ya ɗauka masa tun suna nan. Yanzu hotunan ma sun ɓace. Na lalubo fayil ɗinka a cikin filashi na taɓa, shanu suka dawo. Ya matso da fuskarsa kusa da allo yana kiran kowace saniya da sunanta.

Bayan ya tafi ina zaune, laftop a gabana, hannuna ya ci gaba da kansa. Na yi shotkot, na ƙara haruffan nan a farkon adireshi, na canja hoto, na kafa. Ya zauna. Wallahi ban yi niyyar koya ba, yawan maimaitawarka ne ya shige ni ban sani ba.

Na daɗe ina kallonsa, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na yi tunanin in cire shi in kira ka kamar kullum, tunda ba mai gaya maka. Amma duk zamanmu a shago ɗaya ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara yanzu da muke nesa ba.

Saboda haka, Zira, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zan kira ka. Ba abin da ya lalace, ba ni da tambaya ko ɗaya. Kewarka nake yi, shi ke nan. In ka ɗauka ka rasa abin faɗa, mu yi shirun tare, ba zan kashe ba. In ba ka ɗauka ba zan fahimta, sai dai ka sani ba ni da wani dalilin da ya rage in fake da shi.

Allah Ya ƙara muku haƙurin rashin Baba, Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya raya maka yara. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanyaya zuciyarka har ka iya jin muryata ba don aiki ba. Amin.

Naka har kullum,
Murtala,
daga shagonmu, Mubi.